Yadda Ake Zaɓen Mitar Awo Mai Amana Don Gyaran Kayan Lantarki

Mai gyaran waya, mai talabijin, mai haɗa sola da inbata, duk da mita suke ganin wuta. Lantarki ba shi da kala ba shi da wari, abin da allon mita ya nuna maka shi za ka ɗauka ka yanke hukunci a kai: ka cire aisi (IC, ɗan baƙin abin nan mai ƙafafu da yawa) ko ka bar shi, ka ce wa mai kaya batirinsa ya mutu ko da sauransa, ka kai hannu kan waya ko ka janye. Mitar da ta mutu murus da sauƙi, domin ka san ta mutu. Wadda ake tsoro ita ce mai kunnuwa lafiya lau, lambobi na fitowa tsaf, alhali ba gaskiya take faɗa ba. Abu biyu nake nema a jikin kowace multimita, wato mitar hannu mai auna volt, amfiya da om: ta faɗa min gaskiya, kuma ranar da aka yi kuskure ta tare wutar a cikinta, kada ta kai hannun mai riƙe da ita. Duk matakan da ke ƙasa a kan waɗannan biyun suke.

Mataki na farko: lissafa abin da za ka riƙa aunawa

Kafin ka taka Sabon Gari ko Farm Centre a Kano, ko ka yi aike Alaba a Legas, zauna ka duba aikin da ke zuwa teburinka kullum.

Mai gyaran wayar hannu wutarsa ƙarama ce. Batir volt 3.7 zuwa 4.2 ne, layukan da ke kan bod kuwa 1.8 ne, 1.2, wasu ma ba su kai volt ɗaya ba. Shi buƙatarsa allo mai nuna lamba uku bayan ɗigo, awon diyod mai sauri, ƙarar gwajin layi mai tashi nan take, da wurin awon mA da µA, wato ƙananan gutsattsarin amfiya, don gano wayar da ke shan batir tana kashe. Mai gyaran talabijin, dikoda, amfilifaya da caja zai ƙara da awon kafasita da na Hz, kuma ya sani hannunsa na shiga ɓangaren da wutar gida ke sauka, inda babbar kafasita ke riƙe da kusan volt 320.

Mai sola nasa daban ne. Faifan sola na zamani mai wat 550 yana ba da kusan volt 50 idan ba a ɗora masa komai ba, in aka jera takwas ko goma a layi ɗaya an kai volt 400 zuwa 500 na DC, wato wuta irin ta batir mai tafiya fuska ɗaya. Kuma faifai ɗaya irin wannan yana iya turo kusan amfiya 14 a tsakar rana, alhali yawancin multimita iyakarsu amfiya 10. Don haka mai wannan aiki sai ya haɗa da mita mai baki, wadda ake maƙala wa waya ba tare da an yanke ta ba. Ya tabbata mai auna DC ce, domin da yawa daga cikin masu arha AC, wato wuta irin ta soket, kaɗai bakinsu ke ji. UNI-T UT210E misali ce ta ƙarama mai jin DC har amfiya 100.

Ka ga tun daga nan babban suna kaɗai bai isa ba. Fluke 117 mita ce ta ƙwarai, amma don masu wayarin aka yi ta, ba ta da zangon µA. Fluke 101 kuma ba ta auna amfiya ko kaɗan. Mai gyaran waya da ya tara kuɗi ya sayi ɗayansu ya sayi abu mai kyau wanda ba na aikinsa ba.

Mataki na biyu: karanta lambobin da ke jikin kwali

A jikin kwali ko takardar ciki za ka ga an rubuta 2000, 4000, 6000 ko 9999 counts. Wannan shi ne iyakar abin da allon zai ƙirga kafin ya matsar da ɗigo. Mai 2000 a 1999 take tsayawa. Idan ka auna layin volt 1.8 za ta nuna 1.800, amma da ka ɗora ta a batirin waya sai ta haura zangon 20, ta nuna 4.20, lamba ɗaya ta ɓace. Mai 6000 kuwa 4.200 za ta nuna maka. Da yake yawancin wutar da ke kan bod 5 ce, 3.3 ko 4.2, mai 6000 ita ce daidai da aikinmu. Ni ita nake ɗauka a matsayin mafari ga wanda gyara ne abincinsa.

Sai dai yawan lambobi ba shi ne gaskiya ba. Gaskiyar mita tana cikin wani ɗan layi da mutane ba sa dubawa, irin wannan: ±(0.5% + 3). Ma'anarsa kuskurenta na iya kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ta nuna, sannan a ƙara uku a lambar ƙarshe. Ka ɗauka ta nuna 12.60 a batirin inbata. Rabin kashi ɗaya na wannan shi ne 0.06, ka ƙara 0.03, ya zama kusan 0.09. Ke nan ainihin wutar tana tsakanin 12.51 da 12.69. Wannan ya wadatar. Amma ka tuna batirin ruwa mai volt 12 idan ya cika ya huta yana zama wajen 12.6 zuwa 12.7, idan ya yi rabi kuma wajen 12.2 ne. Tsakanin cikakke da rabi bai kai rabin volt ba. Mitar da ke kauce wa gaskiya da 0.3 za ta sa ka ce wa mutum batirinsa lafiya alhali ya kusa rabi, ko ka sa shi ya sayi sabo babu dalili. Ga DC, ka nemi 0.5% ko ƙasa da haka.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Wannan alƙawari na kamfani yawanci a zafin digiri 18 zuwa 28 aka yi shi. Shagon da ke Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram a watan Afrilu ya haura 40. Kuskuren zai ɗan ƙaru, shi ya sa gara ka fara da mai ƙaramin kuskure tun asali.

Mataki na uku: mita ma tana shan wuta

Duk lokacin da ka ɗora tsinken gwaji a kan bod, mitar na ɗan jan wuta daga wurin. Mai kyau tana da megaom 10, wato om miliyan goma, a bakinta, ba ta jan abin a zo a gani. Ƙananan nan masu arha na dangin DT830 yawanci megaom 1 ne. Ga bambancin a aikace: ka jera rasista biyu masu megaom 1 kowace a kan volt 10, tsakiyarsu volt 5 ne. Mai megaom 10 za ta nuna kusan 4.76. Mai megaom 1 za ta nuna 3.33. Bod ɗin lafiyarsa lau, mitar ce ta janye wutar, kai kuma ka kama ayan ɗin narka dalma kana cire kayan da ba su yi laifi ba. Ka nemi 10MΩ, wato megaom 10, a takardar. In babu takarda, sa mitar a DC volt, ka ɗauko wata mitar ka auna bakinta a zangon om.

Mataki na huɗu: True RMS

Wutar NEPA tafiyarta kamar igiyar ruwa ce mai santsi, sau 50 a daƙiƙa. Mitoci masu arha da wannan siffar kaɗai aka saita su: suna auna matsakaicin wutar su ninka da 1.11. Muddin siffar ta canza, lissafin ya karye. Mita mai True RMS ita ce mai auna ainihin ƙarfin wutar ko da siffar ta canza. Inbatoci masu arha da ƙananan UPS ba sa ba da santsin nan, a tsattsaye suke yanka wutar. Inbatar da ke ba da volt 230 na gaske, mita marar True RMS na iya nuna ta 180 ko 190. Mai gyara ya ɗauka wuta ta yi ƙasa, ya murɗa ya ƙara, fanka da caja su fara ƙonewa a gidan mai kaya. Idan inbata, janareta ko sitabilaiza na cikin aikinka, rubutun True RMS dole ne ya kasance a jikin mitarka. Idan wayar hannu kaɗai kake gyarawa, kada ka damu da shi, DC ba ruwanta da wannan.

Mataki na biyar: tsaron ranka

Nan ne nake so ka fi tsayawa, domin nan ne arha ke cin mutum.

Ga kuskuren da ya fi yawa a wannan sana'a. Ka gama auna amfiya, ka bar jan tsinke a ramin 10A, aka kira ka ka duba soket, ka juya mita zuwa AC ka cusa. Ramin 10A a ciki wata gajeriyar waya ce mai kauri wadda kusan babu abin da take tarewa. Wato ka haɗa layif da nutiral kai tsaye ta cikin abin da ke tafin hannunka. Babu ƙwararren da ya fi ƙarfin wannan mantuwa. Abin da zai biyo baya ya danganta da fis ɗin da ke ciki.

Ɗauki irin ƙaramar DT830 ka duba kusa da ramin, sau da yawa za ka ga an rubuta 10A UNFUSED, wato babu fis sam. Kwance dunƙulen sukurori biyun da ke bayanta ka leƙa: siririn bod, ɗigon baƙin danƙo da ya rufe aisi, lanƙwasasshiyar waya mai kauri a ƙasa, sai ɗan fis na gilashi guda ɗaya mai kare zangon mA kawai. Fis na gilashi na volt 250 an yi shi ne ya yanke wuta kaɗan, ƙa'idar ƙanana irinsa amfiya 35 ce. Shot a akwatin rarraba wuta na iya turo ɗaruruwa ko dubban amfiya. A irin wannan hali siririyar wayar cikin fis tana narkewa amma wutar ba ta tsayawa, sai ta ci gaba da tsallakawa ta iska, gilashin ya fashe.

Yanzu buɗe mai kyau. Za ka ga fis biyu farare masu kauri, jikinsu na tangaran, kowane ya kusa girman ɗan yatsa, cikinsu cike da yashi mai kashe tartsatsi. A jikinsu an rubuta 600V ko 1000V, da 10kA ko fiye, wato suna iya yanke amfiya dubu goma ba tare da sun fashe ba. Fluke 87V misali tana ɗauke da na amfiya 11 da na 440mA, duka na volt 1000. Kusa da ramukan za ka ga wasu fayafai zagayayyu, shuɗaye ko koraye, su ne masu shanye wutar da ta yi tsalle, kuma za ka ga an tsaga bod ɗin a wasu wurare don kada tartsatsi ya bi ta kai. Mita mai irin wannan kaya tana da nauyi a hannu. In ka ɗaga mita ka ji ta sakayau, ka yi shakka.

Sai rubutun CAT, mai nuna irin wurin da aka yi mitar domin aiki a cikinsa. Wutar gida volt 230 ce a ƙa'ida, amma lokacin da aka dawo da wuta, ko babban inji ya tashi, ko tsawa ta sauka kusa da layi a damina, wutar kan yi tsalle na ƙiftawar ido zuwa dubban volt. Mu da ake ɗauke mana wuta a dawo da ita sau da yawa a rana, wannan ba labarin nesa ba ne. Ƙa'idar IEC 61010 ta raba wurare gida-gida. CAT II na abin da aka cusa a soket ne. CAT III na akwatin rarraba wuta ne da wayarin cikin gini. CAT IV daga falwaya ne zuwa mitar gida. Mai CAT II 600V ana gwada ta da tsallen volt 4000, CAT III 600V da 6000, CAT III 1000V da CAT IV 600V kuma da 8000. Kada lambar volt ta ruɗe ka: CAT III 600V ta fi CAT II 1000V kariya, domin da wuta mai ƙarfin turi sosai ake gwada ta. Wanda zai taɓa wutar gida ko ta sola, CAT III 600V ne mafi ƙaranci.

Matsalar ita ce buga rubutu a roba ba ya da wuya. Alamar CE kamfani ne ke sa wa kansa. Alamomin da wata hukuma ta daban ke bayarwa bayan gwaji su ne UL, CSA, ETL da TÜV, su ka fi nema. Su ma masu jabu na kwaikwayonsu, don haka hujja ta ƙarshe ita ce fis ɗin da idonka ya gani. Mitar da aka rubuta wa CAT III 1000V amma cikinta fis ɗin gilashi ne na 250V, rubutun ado ne.

Ina roƙonka, idan fis ya ƙone kada ka naɗa masa waya ko takardar kwalin sigari. Fis ɗin nan ya ƙone ne a madadin hannunka. Ka nemo irinsa sak, mai lamba ɗaya.

Mataki na shida: ƙananan abubuwan da za ka yi ta fama da su kullum

Ƙarar gwajin layi ta fi komai yawan aiki a teburin gyara. Kana bin ƙafafun aisi ɗaya bayan ɗaya idonka na kan bod, kunnenka ne ke aiki. In mitar na jinkiri kafin ta yi kuka, za ka wuce shot ba ka sani ba. Awon diyod kuma ya kamata ya iya kunna farin LED, wanda ke buƙatar kusan volt 3. Wasu mitoci ba sa kaiwa, sai su nuna OL, alamar wuta ba ta wuce ba, kamar LED ɗin ya mutu. Maɓallin REL yana cire ɗan om ɗin da wayoyin gwaji ke ƙarawa idan kana auna ƙananan om. Fitilar allo da ƙafar jingina da rigar roba mai kauri duk suna da amfani, musamman rigar, domin babu mitar da ba ta faɗowa daga tebur.

Mai zaɓen zango da kanta ta fi sauƙi, amma ka tabbata tana da maɓallin RANGE don ka iya tsayar da ita wuri ɗaya idan wuta na rawa. Batun batir kuwa, mai cin AA ko AAA ta fi, domin ko a ƙauye za ka samu, kuma ingantaccen batir mai volt 9 ya fi wuyar samu. Ka fifita wadda ramin amfiya daban yake da na volt. Wasu ma suna kuka idan ka juya zuwa volt alhali tsinke na ramin amfiya, wannan gata ne babba.

Wayoyin gwaji su ne suka fi saurin lalacewa. Masu rigar silikon suna da laushi, ba sa taurarewa da sanyin hunturu, kuma ba sa narkewa nan da nan in ayan ya shafe su. Mai gyaran waya zai buƙaci masu siririn baki kamar allura. Mai aikin akwatin wuta kuma masu hula, waɗanda ƙarfen da ke waje bai wuce milimita 4 ba, don kada tsinke ɗaya ya haɗa layi biyu.

Mataki na bakwai: daidaita da aljihu

Ban raina DT830 ba. Da ita mutane da yawa suka koyi aiki, kuma a kan batir, rasista da ƙananan kayan DC tana yin abin da aka sa ta. Yaron da ke koyo ya saye ta in ita ce ƙarfinsa, da sharaɗin ba za ta kusanci soket, akwatin wuta ko layin sola ba.

A tsakiya akwai irin su UNI-T UT139C mai 6000 da True RMS, da UT61E+ mai 22000, da Aneng AN8008 mai 9999. A nan ne yawancin masu gyaran waya da talabijin za su samu biyan buƙata. Ƙananan masu arha na wannan rukuni ka ɗauke su na kan tebur, aikin akwatin wuta kuma ka nemo wadda ka ga cikinta. Sama da su akwai Brymen ta Taiwan, BM235 ɗinsu na da 6000, True RMS da alamar UL. Akwai Fluke ta Amurka: 15B+ da 17B+ suna da µA da mA da jiki mai ƙwari, sai dai masu 4000 ne kuma ba True RMS ba, 87V kuwa ta haɗa duka amma kuɗinta ba na kowa ba ne. Hioki, Sanwa da Kyoritsu na Japan su ma sunaye ne da aka yarda da su.

Tsofaffin masu gyaran rediyo har gobe ba sa rabuwa da mai allura irin Sanwa YX-360, kuma suna da hujja: allura tana nuna rawar wuta da harbin kafasita yadda ido ke saurin kamawa. A matsayin ta biyu tana da kyau. Ka dai tuna tana jan wuta fiye da mai lamba, kuma a zangon om baƙin tsinke ne ke ɗauke da fositif.

Ra'ayina shi ne, wanda kuɗinsa ya tsaya tsakanin mai arha mai ayyuka talatin da mai ayyuka takwas da fis na tangaran, ya ɗauki ta biyun. Ramin gwada taransisto da sauran tarkace ba su ne ke ciyar da shago ba.

Mataki na takwas: gwaji a gaban mai shago

Kada ka je kasuwa hannu rabbana. Zuba waɗannan a 'yar leda: sabon batir AA, rasista masu kuskuren kashi 1 guda biyu ko uku, kamar 1k da 100k, diyod 1N4007, farin LED, da kafasita mai 100µF. In maigidanka na da mitar da aka yarda da ita, ka auna kayan nan da ita tukuna ka rubuta abin da ta nuna, ko ka roƙi aronta ka tafi da ita.

Bayan gaisuwa sai ka ce, “Alhaji, don Allah a sa mata batir in gwada a gabanka, in ta yi ba sai na dawo ba.” Mai kaya na gaskiya ba ya ƙin wannan. In ya ce ba a buɗe kwali, ka yi godiya ka matsa gaba.

Da ka kunna, duba allon, kada a samu lambar da ɓarinta ya ɓace. Juya majuyin a hankali, kowane zango ya zauna daram da 'yar ƙara, ba sako-sako ba. Sa a om ka haɗa tsinken biyu: ya kamata ka ga 0.1 zuwa 0.5, kuma ya tsaya. Riƙe su a haɗe ka murza wayar a wuyan tsinke da wuyan filogi. In lambar ta yi tsalle, wayar ta fara karyewa a ciki. Koma zangon ƙara ka riƙa goga tsinken da sauri kamar kana kyasta ashana, kowace taɓawa ta yi kuka. Sabon batir AA zai nuna wajen 1.6. Juya tsinken, lambar ta zama ɗaya da alamar ragi a gaba. Rasistar 1k ta faɗa tsakanin 985 da 1015. Diyod ya nuna 0.5 zuwa 0.7 ta fuska ɗaya, OL ta ɗaya fuskar. Kafasita kuwa kada ka tsananta, irin waɗannan da kansu suna kaucewa har kashi 20.

Fis ma ana gwada shi ba tare da an kwance ba, in mitar na da ramukan amfiya daban. Bar jan waya a ramin VΩ, sa a om, ka cusa bakin tsinken cikin ramin 10A har ya taɓa ƙarfe. Kusan sifili za ka gani. Yi haka a ramin mA, za ta nuna wata lamba gwargwadon ƙirar mitar. In OL ta nuna, fis ya ƙone ko babu shi. Wannan gwaji wajibi ne ga mai sayen ta hannu, domin sau da yawa wannan ne aibin da ya sa aka sayar da ita. A ta hannu ka duba gidan batir ma, kada ya zama ruwan batir ya ci ƙarfen, ka kuma sunsuna ramukan ko akwai ƙaurin ƙuna.

Game da jabu, babbar alama farashi ne. Mita mai babban suna a kuɗin da bai kai rabin na ko'ina ba, akwai magana. Duba tsabtar rubutun jiki, lambar da ke bayanta, da takardar ciki. Sannan ka nemi a buɗe murfin fis. Ka karɓi rasit, ku kuma yi magana a fili kan kwana nawa za ka iya dawo da ita.

Mataki na tara: bayan ta zo shago

Da alamar batir ta fito a allo, canza shi a ranar. Mitoci da yawa, musamman masu arha, idan batirinsu ya yi sanyi sama suke ƙara lamba, caja mai volt 5 ta koma 6 a idonka. Kada ka bar ta a rana ko cikin mota a rufe, allon yana baƙi. Lokacin hunturu ka riƙa mayar da ita jaka, ƙura na shiga ƙarƙashin majuyi ta sa awon om ya riƙa rawa.

Kafin ka auna om ko kafasita a kan bod, cire wuta, ka sauke babbar kafasita ta hanyar rasista ko ƙwan fitila mai zare, sannan ka tabbatar da awon DC cewa ta sauka. Abu biyu kuma ka nisanta mitarka da su: ɓangaren babbar wuta na na'urar ɗumama abinci, inda ake samun sama da volt 2000, da jan wayar da ke manne a bayan tsohuwar talabijin mai ƙwalba, mai kai wa wajen volt 25,000. Babu multimitar hannu da aka yi don su ba tare da tsinke na musamman ba. Idan za ka tabbatar layi ya mutu kafin ka taɓa, fara gwada mitar a inda ka san akwai wuta, ka auna layin, ka sake komawa wurin farko. Kuma ka saba wa hannunka mayar da jan waya ramin volt da zarar ka gama awon amfiya.

Rasistocin nan da ka je kasuwa da su kada ka zuba su cikin kayan aiki. Manna su a ɗan kati, ka rubuta abin da sabuwar mitar ta nuna a gefen kowace, da kwanan wata. In ka samu aisi mai riƙe tsayayyen volt irin TL431, mai ba da 2.495, wanda ke cikin tsofaffin caja da yawa, ka haɗa shi a katin ka rubuta nasa. Duk bayan 'yan watanni, ko duk ranar da mitar ta faɗi ƙasa, ɗauko katin ka sake aunawa. In lambobin sun kauce fiye da abin da takardarta ta yi alƙawari, fara da canza batir da wayoyin gwaji, in ba su dawo ba ka kwatanta ta da wata mitar kafin ka sake yanke hukunci da ita a kan kayan mutane.